Baƙin Allo da Saitin da Ba Ya Kwana

Akwai maganar da ake yawan ji a shagunan kwamfuta da ke jere a bakin titin Sakkwato a Samaru, ana kuma jin ta wajen masu gyaran waya na PZ a Sabon Gari: "Oga, wallahi jiya na gyara shi, yau kuma ya koma gidan jiya." Sau da yawa mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba. Ya yi gyaran, ya kuma ga yana aiki da idonsa. Matsalar ita ce a wurin da ba ya kwana ya ajiye shi. Da aka ɗauke wuta, na'urar ta mutu ta sake tashi, sai ta je ta karanto tsohon saitinta daga wani wuri da shi bai taɓa leƙawa ba.

Kusan duk manhajar da muke aiki da ita yau ba dunƙule take ba, haɗe-haɗe ce. Akwai gangar jiki, sannan akwai ƙananan sassa da ake maƙala mata ko a cire gwargwadon buƙata, waɗanda ma'aikata ke kira modul. Direban da ke sa Wi-Fi aiki a kwamfuta modul ne. Sashen da ke ba shafin intanet damar magana da rumbun bayanai modul ne. Haka nan ƙarin da ake ɗora wa WordPress domin karɓar kuɗi. Kowanne da saitinsa, wato jerin sunaye, kowane suna da ƙimar da aka ba shi: girman fayil ɗin da za a karɓa, yankin agogo, eriyar da za a saurara da ita. Hanya biyu ake bi a kai ga waɗannan. Ko dai ta taga mai maɓallai da ake latsawa da linzami, ko ta layin umarni, wanda yara ke ce wa baƙin allo, inda mutum zai rubuta abin da yake so a yi masa ya buga Enter.

A ganina, rabin wannan sana'a kawai aka fi koya a Zariya. Matasanmu sun iya canja saiti. Da matsala ta taso sai a kwafi saƙon kuskuren, a kai shi Google ko YouTube ko ChatGPT, a samo layi ɗaya mai farawa da `sudo`, a liƙa. In ya yi, madalla. In bai yi ba, a liƙa na gaba a kan na farko. Ɗayan rabin, wato tambayar na'ura wane saiti take aiki da shi yanzu da kuma inda ta samo shi, shi ne aka bari a baya, alhali don shi ne baƙin allo ya fi taga daraja. Taga tana nuna maka abin da maginin manhajar ya ga dama ya nuna. Layin umarni yana ba ka damar yi wa na'urar tambaya kai tsaye, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ba sabuwar hanya ba ce, ita ce ma ta fari. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara gina Unix a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1969, kuma daga gare shi aka gaji al'adar ajiye saituna a fayilolin rubutu zalla cikin folda mai suna `/etc`. Lokacin da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello ke ɗauke da sunansa, yake shugabantar jami'ar daga 1975 zuwa 1978, kusan duk mai son kwamfuta ta yi masa aiki a duniya sai ya rubuta mata umarni, ko a kati mai huda ko a allon buga rubutu. Linzami da tagogi ba su shiga hannun jama'a sosai ba sai bayan fitowar Macintosh a 1984. Linux da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 ya ɗauki ɗabi'ar Unix, kuma shi ne ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihun mai karatu.

Me ya sa har yau ba a rabu da baƙin allon ba? A garinmu amsar ba ta da wuya. Babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin makaranta ko na asibiti, wadda ake kira saba, galibi ba ta da allo ko linzami. Tana can a wani ɗaki mai sanyi, ko ma a wata ƙasa, ana shiga ta ne daga nesa da SSH. Rubutu kuwa ba ya cin data: a Hayin Dogo ko Ɗanraka, ranar da sabis ya yi rauni har hoto ya kasa buɗewa, umarni yana wucewa. Ranar da wani ƙari ya lalata shafin WordPress har ƙofar mai kula ta ƙi buɗewa, babu maɓallin da za a latsa, sai dai `wp plugin deactivate` daga baƙin allo. Mai kula da zauren jarabawar kwamfuta kuma ba zai bi na'urori ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya yana latsa abu guda ba.

Mu ɗauki misalin da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da dama suka ci karo da shi. Cikin laftof na hannu da ake shigowa da su, akwai ƙirar HP masu sauƙin kuɗi na tsakiyar shekarun 2010 da ke ɗauke da katin Wi-Fi na Realtek mai lamba RTL8723BE. A Windows yana aiki lafiya. Da ɗalibi ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, sai sigina ta yi ƙasa, sai ya zauna dab da rauta kafin ya samu. Abin da yakan biyo baya shi ne a yanke hukuncin cewa Linux ba ya son wannan kwamfuta, ko a kai ta Sabon Gari a ce a canja kati. Alhali katin lafiyarsa lau. Yana da mahaɗin eriya biyu, masana'anta ta sa waya a ɗaya kawai don rage kuɗi, direban kuma yana sauraron wanda babu komai a jikinsa. Larry Finger, wani tsohon masanin kimiyya a Amurka da ya shafe shekaru yana kula da direbobin Realtek a Linux har rasuwarsa a 2024, shi ya ƙara wa modul ɗin saiti mai suna `ant_sel` domin mutum ya zaɓi eriyar da kansa.

Dubi yadda mai tambaya zai bi. Umarnin `lspci -k` zai faɗa masa sunan katin da modul ɗin da ke tuƙa shi. `lsmod` zai tabbatar masa an loda shi. `modinfo -p rtl8723be` zai jero duk saitunan da modul ɗin ya yarda a taɓa, kowanne da ɗan bayaninsa. Sannan `cat /sys/module/rtl8723be/parameters/ant_sel` zai nuna ƙimar da ake aiki da ita a wannan lokacin. Umarni huɗu ke nan, babu wanda ya canja ko ɗigo a cikinsu, amma ya riga ya san ciwon. Sai ya sauke modul ɗin da `sudo modprobe -r rtl8723be`, ya sake loda shi da `sudo modprobe rtl8723be ant_sel=2`, ya duba sigina. In ba ta ƙaru ba ya gwada 1, domin ba duk kwamfutocin ne aka sa wa wayar a gefe ɗaya ba. Shi ya sa layin da ya yi wa abokinka aiki zai iya ƙi a taka.

A nan ne yawanci ake tashi a yi murna, kuma a nan ne gyaran yake mutuwa. Ƙimar da aka ba `modprobe` a baki tana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ne kawai. Kamar rubutun allo take: yana nan ana karanta shi, amma da an wanke ya tafi, sai abin da aka kwafa a littafi ke saura. Littafin a nan shi ne fayil a cikin `/etc/modprobe.d/`, wanda dole sunansa ya ƙare da `.conf`, a rubuta masa layi ɗaya: `options rtl8723be ant_sel=2`. Wannan shi na'urar za ta karanta duk lokacin da ta tashi. Kuma ba a cewa an gama sai an kashe ta da gangan, an kunna, an sake duba ƙimar.

Wannan rabuwa tsakanin saitin da ke gudana da saitin da aka adana tana ko'ina, sunanta kawai ke sauyawa. Mai kafe da ya mai da tsohuwar kwamfuta mai raba intanet zai buga `sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1`, komai ya tafi daidai har zuwa lokacin da za a sauya daga wutar gari zuwa janareta; in bai rubuta shi a `/etc/sysctl.d/` ba, ƙimar ta koma 0. A na'urorin Cisco da ɗalibai ke koyo a kai, akwai `running-config` akwai `startup-config`, wanda bai kwafi na farko zuwa na biyu ba ya yi aikin banza. A MySQL, `SET GLOBAL` ba ya tsallake sake kunnawa, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 aka kawo `SET PERSIST` mai adanawa. A ƙasar da saba ke yin wata shida ba ta mutu ba, irin wannan mantuwa takan daɗe a ɓoye. Mu kuwa rashin tsayayyar wuta yana tona ta cikin yini ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya wannan alheri ne a fakaice: gara a gane gobe da safe, mai gyaran yana kusa, da a gane bayan ya gama makaranta ya koma garinsu.

MikroTik, na'urar nan 'yar Latbiya da masu kafe da masu sayar da intanet a unguwa suka fi so, ta bi ɗaya hanyar: duk abin da ka canja ta adana nan take. Haɗarinta daban ne. Mutum yana zaune a Samaru yana gyara rautar da ke kan rufin wani gida a Palladan, sai ya rubuta dokar da ta rufe masa ƙofa shi kansa. Babu abin yi sai hawa babur. Shi ya sa suka tanadi yanayin kariya da ake shiga da Ctrl da X: in haɗin ya yanke ba zato, na'urar ta warware duk canjin da aka yi tun shigarsa. Masu Cisco suna da dabara makamanciyar wannan, su buga `reload in 10` kafin su taɓa abu mai haɗari, ta yadda in sun kulle kansu a waje na'urar za ta sake tashi bayan minti goma da tsohon saiti. Kaɗan ne ke amfani da su, don ba a koyar da su a bidiyon minti biyar.

Matsala ta biyu ta fi wannan wahalar gani. Saiti ɗaya yakan zauna a wurare da yawa, wani yana danne wani. A ce lokacin miƙa kundin bincike ya yi, ɗalibai suna ta ƙoƙarin ɗora fayil a shafin sashe, shafin yana cewa ya yi girma. PHP, harshen da aka rubuta Moodle da WordPress da shi, yana zuwa da `upload_max_filesize` a kan megabait 2, da `post_max_size` a kan 8. Kundin da aka cika da hotuna da taswira ya wuce nan nesa. Mai kula da shafin zai buɗe baƙin allo, ya buga `php --ini`, ya ga fayil ɗin saiti, ya ɗaga lambar zuwa 50, ya duba da `php -i` ya ga 50 ɗin. Ya ce wa ɗalibai su sake gwadawa. Ba abin da ya sauya.

Dalili shi ne a Ubuntu da Debian, PHP na layin umarni da PHP na shafin intanet ba fayil ɗaya suke karantawa ba. Akwai `php.ini` a foldar `cli`, akwai wani a `apache2`, akwai na uku a `fpm`. Shi na farkon ya gyara, kuma da na farkon ya auna, don haka ma'aunin ya gaskata shi a kan abin da ba a tambaya ba. Ko ya gyara na daidai, sai ya sake tayar da Apache, manhajar da ke miƙa shafin, kafin ya ɗauka. In kuma Nginx ne a gaba, shi ma yana da tasa iyakar, `client_max_body_size`, wadda ke zuwa a kan megabait 1. Bayan duk wannan Moodle, da Martin Dougiamas ya fitar daga Ostareliya a 2002, wanda manyan makarantu da dama a Najeriya ke koyarwa da shi, yana da nasa `maxbytes` na shafin gaba ɗaya, kowane kwas yana da nasa, kowane aikin gida ma yana da nasa. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ke da iko. Ana ganin na Moodle da `php admin/cli/cfg.php --name=maxbytes`, a ƙara `--set=` in ana son canjawa, a sa `--component=` in na wani modul ne. Amma duk abin da aka rubuta a `config.php` ya fi ƙarfin wannan umarni. Wanda bai san da wannan jerin ba zai yi ta ɗaga lamba ɗaya har ta kai dubu, yana zagin manhaja.

Manhajar da ta fi kyautata wa mai tambaya a wannan fanni ita ce Git. Tana ajiye saiti a hawa uku, na na'ura gaba ɗaya, na mai amfani, da na aikin da ake ciki, kuma `git config --list --show-origin` yana nuna kowace ƙima tare da fayil ɗin da ta fito. A kwamfutar ɗakin gwaji da mutum goma ke zama a kai, wannan layin ne zai gaya wa ɗalibi dalilin da aikinsa ke fita da sunan wanda ya riga shi zama. Da kowace manhaja tana da irin wannan umarni, da rabin rigimar ta ƙare.

Agogo ma yana da tasa. PHP da ba a faɗa wa yanki ba yana ɗaukar UTC, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya, don haka jarabawar da aka sa ƙarfe tara sai ta buɗe ƙarfe goma. `timedatectl` yana nuna na saba, `date.timezone` na PHP, sunan da suke ganewa kuma shi ne `Africa/Lagos`.

Akwai wani saiti da ya shafe mu a matsayin masu rubuta Hausa. Kafin fitowa ta 8.0, MySQL yana zuwa ne da tsarin haruffa na `latin1`, wanda babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa. Ka shigar da suna mai ƙugiya, ko dai rumbun ya ƙi karɓa, ko ya mai da harafin alamar tambaya. Da yawa sun ga haka suka haƙura suka koma rubuta suna ba ƙugiya, suna zaton gazawar kwamfuta ce, alhali `SHOW VARIABLES LIKE 'character_set%'` zai nuna inda gizo ke saƙa, magani kuma shi ne `utf8mb4`. Sai dai a kula da abu biyu. Canja saitin saba ba ya juya teburan da aka riga aka gina, sai an bi su an juya. Harafin da ya riga ya zama alamar tambaya kuma ya tafi ke nan, babu umarnin da zai dawo da shi. XAMPP da ɗalibai ke ɗorawa don aikin ƙarshen shekara kuwa MariaDB ne a cikinsa ba MySQL ba, kuma bai san `SET PERSIST` ba, sai an gyara fayil da hannu. Allon rubutun Hausa ma yana cikin Linux tun tuni: `setxkbmap ng -variant hausa`. Amma sababbin fitowar Ubuntu sun koma tsarin nuni na Wayland, inda wannan umarni ba ya kama teburin yadda ya saba, sai an bi ta `gsettings`. Shawarar da ke intanet ba ta ɗauke da ranar lalacewa a goshinta. Wanda ya rubuta ta a 2014 gaskiya ya faɗa a zamaninsa.

Kada a ɗauka maganar ta 'yan Linux ce kaɗai, don yawancin kwamfutocin Zariya Windows ne a kansu. PowerShell da Microsoft ya fitar a 2006 an gina shi ne a kan tagwayen umarni, `Get-` na dubawa da `Set-` na canjawa, kuma da yawa daga masu canjawar suna karɓar `-WhatIf`, wato faɗa mini abin da zai faru ba tare da ka aikata ba. Duk da haka, ɗalibin da PowerShell ya ce masa an hana gudanar da rubutattun umarni zai je ya kwaso `Set-ExecutionPolicy Unrestricted` ya buɗe ƙofa ga kowa, bai taɓa buga `Get-ExecutionPolicy -List` ya ga cewa hawa biyar ne ba, kuma zai iya sassauta na zaman da yake ciki kawai ya bar sauran. Ɗan uwan wannan a Linux shi ne `chmod 777`, maganin da ake sha wa kowane ciwo. Yana kawar da saƙon kuskure, ya bar fayil a hannun duk wanda ya shigo.

A PZ kuwa layin umarni ya shiga ne ta kebul. Mai gyara zai taɓa lambar ginin waya sau bakwai ya buɗe zaɓin masu haɓaka manhaja, ya haɗa Tecno ko Infinix da laftof, ya shiga da `adb`. Android yana raba saitunansa gida uku, `system`, `secure` da `global`, ana jero su da `settings list`, a karanta da `settings get`, a rubuta da `settings put`. Da wannan ake rage jinkirin motsin allo, da `pm disable-user` kuma ake kashe manhajojin da suka zo da wayar suna cin batir. Aiki ne mai kyau in an rubuta tsohuwar ƙimar a gefe kafin a taɓa, in kuma an rufe ƙofar kebul ɗin kafin a miƙa wa mai waya kayansa. Abin da ya kamata kowane mai gyara ya sani shi ne `settings put` ba ya gardama. Ka yi kuskuren harafi a sunan saiti, zai ƙirƙiri sabon suna ya ajiye maka, ba tare da ya ce uffan ba. Git ma haka yake yi. Linux, in aka ba modul saitin da bai sani ba, yakan loda shi ya yi watsi da saitin, ya rubuta ɗan gargaɗi a `dmesg` inda ba mai dubawa. Shirun baƙin allo yana nufin an karɓi umarnin ne kawai. Ko ya yi abin da ake nufi, wannan sai an sake tambaya.

Masu cewa wannan duk ƙaramin abu ne su tuna da 12 ga Nuwamba 2018, ranar da kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskure a saitin tace hanyoyin sadarwarsa yayin wani gyara, zirga-zirgar da ke nufin Google ta karkata ta bi ta Rasha da Sin na tsawon minti 74. A 28 ga Fabrairu 2017 wani ma'aikacin Amazon ya shigar da ƙima ba daidai ba a umarni guda, ya sauke saba fiye da yadda ya yi niyya, shafuka masu yawa suka tsaya kusan awa huɗu. A 4 ga Oktoba 2021 umarni ɗaya lokacin gyara ya yanke Facebook da WhatsApp da Instagram daga duniya wajen awa shida, manhajar da aka sa ta tare irin wannan umarni ita ma tana da nata lahani. Na kusa da mu shi ne na JAMB a Mayun 2025, lokacin da shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarabawa a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, saboda gyaran da aka yi wa manhaja bai kai ga wasu daga cikin sabobin ba. Ba ƙarancin ilimi ne ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A kowanne akwai tazara tsakanin abin da mutum ya ɗauka na'ura na ɗauke da shi da abin da take ɗauke da shi a zahiri.

Saura maganar mutane, wadda a wurina ta fi ta na'ura nauyi a Samaru. Gari ne na masu wucewa. Shafin sashe ko na ƙaramar makaranta sau da yawa ɗalibin da ke koyon aiki ne ya kafa shi, ko ɗan bautar ƙasa, shekara na zagayowa ya tafi da duk abin da ya sani a kansa. Wanda ya gaje shi zai tarar da saba tana aiki, bai san me aka taɓa ba, sai ya ji tsoron sabunta komai. Haka ake samun na'urar da ta shekara biyar ba a ɗora mata gyaran tsaro ba. A nan layin umarni yana da fifikon da taga ba ta da shi, domin latsawa ba ta barin sawu, umarni kuwa rubutu ne. `history` yana tuna abin da aka buga. Ubuntu yana rubuta kowane `sudo` da sunan mai shi da lokacinsa. Kwafin fayil kafin a taɓa shi daƙiƙa biyu ne, `diff` kuma zai nuna bambancin tsoho da sabo layi-layi. `apachectl configtest` da `nginx -t` suna duba saiti kafin a ɗora shi a kan jama'a. Akwai ma ƙaramar manhaja, etckeeper, ta Joey Hess, da ke sa foldar `/etc` gaba ɗaya a ƙarƙashin Git, ta yadda kowane canji zai samu rana da dalili. Mai na'urori da yawa kuma yana da Ansible, inda ake rubuta saitin da ake so sau ɗaya, a tura wa duka, a kuma tambaye su ko akwai wadda ta bambanta. Duk kyauta ne. Da malaman da ke duba aikin ƙarshen shekara za su riƙa neman ɗalibi ya miƙa fayil ɗin da ke bayyana kowane saitin da ya canja da dalilinsa, su kuma kashe na'urar a gabansa su kunna kafin su ba da maki, da an ga bambanci cikin zango ɗaya.

Sai dai sawun nan yana da nasa haɗari. Duk kalmar sirrin da aka rubuta a jikin umarni, kamar yadda ake yi da `mysql -p` a manne da ita, tana shiga `.bash_history` ta zauna a fili, wanda ya zauna bayanka a kwamfutar kafe zai iya karantawa. A Windows, mai ikon kula da na'ura zai ga kalmar sirrin duk Wi-Fi da aka taɓa shiga da `netsh wlan show profile` in ya ƙara `key=clear`, abin da mai sayar da laftof ɗinsa a kasuwa ba tare da ya goge shi ba ya kamata ya sani. Fayilolin `config.php` na Moodle da `wp-config.php` na WordPress kuma suna ɗauke da mabuɗin rumbun bayanai, ɗalibai kuwa suna tura su GitHub tare da sauran aikin don malami ya gani. Goge fayil ɗin daga baya ba ya wadatarwa, domin Git yana riƙe da tsohon kwafi a tarihinsa. Wanda ya riga ya tura, abin da ya rage masa shi ne ya canja kalmar sirrin a rumbun, ya gyara fayil ɗin da ke kan saba, sannan ya sa sunansa a `.gitignore` kafin turi na gaba.